Gargaɗi kan masu tallan "bitamin B17" da sunan maganin daji

Jama'a, a yi hattara da wasu masu talla a WhatsApp da TikTok da ke sayar da ƙwayoyin da suke kira "bitamin B17". Wai maganin yana shiga jiki yana barci, ba ya farkawa sai ya iske ciwon daji, ya kashe shi ya bar sauran jiki lafiya lau. Matar yayana mai fama da sankarar mama ta sayi kwalba biyu da kuɗin da dangi suka haɗa mata na asibiti.

Ƙaryar tana shiga kunne ne domin akwai magungunan gaskiya masu irin wannan aiki. Capecitabine, wanda aka fi sani da Xeloda, ana haɗiye shi bai da kaifi. Hanta ce ke fara sarrafa shi, sai a matakin ƙarshe wani sinadari da ya fi yawa a cikin ƙarin dajin ya mayar da shi 5-FU, ainihin mai kashe ƙwayoyin dajin. Amurka ta amince da shi a 1998. To ko shi ɗin, likita ke auna shi gwargwadon tsayi da nauyin majinyaci, kuma yana sa gudawa, tafin hannu da na ƙafa su yi ja su saɓule.

B17 kuwa ko bitamin ba ne. Sunansa amygdalin ko laetrile, daga ƙwallon ɗan itacen afirikot ake ciro shi, kuma abin da yake saki guba ce, sayanayid, irin wadda ke cikin rogo mai ɗaci da ba a jiƙa ba. Tun a hanji ƙwayoyin bakteriya na ciki ke fasa shi, gubar ta bi jini, ba ruwanta da inda ciwon yake. A 1982 aka fitar da sakamakon gwajin da asibitin Mayo na Amurka ya jagoranta kan majinyata 178. Babu wanda ya warke, wasu ma gubar ta kusa kai matakin kisa a jininsu.

Wanda ya sha ya ji ciwon kai, jiri, amai ko numfashi na sarƙewa, a garzaya da shi asibiti, a tafi da kwalbar. Tamu da na juya ta, ko lambar NAFDAC babu. Da na kira mai tallan na tambaye shi, sai ya ce Alhaji ai daga waje ake kawowa, ya kashe waya.