Kariyar tukunya ta masu shuke-shuken bakin kogi a Yamai

Masu sayar da shuke-shuke a bakin kogi wajen unguwar Yantala suna da kariya mai kyau, wannan itaciyar daji mai ƙaton gindi da fure ja-ja. Itacen ba laifi. Matsalar tana ga ƙasar da wasunsu ke zuba mata: laka da taki cikin baƙar leda, ga ban ruwa kullum kamar tumatir. Kariya kuwa a gindinta take ajiye ruwa, laka mai riƙe danshi ruɓar da saiwarta take yi.

Kafin ka biya, matsa gindin da yatsa. In ya yi tauri, ɗauka; in ya lotsa, bar musu abinsu. Ka kuma tambaya ko daga iri aka tsiro da ita, don wadda aka dasa daga reshe ba ta cika yin gindi mai kauri ba, kuɗinsu bai kamata ya zo ɗaya ba.

Da isa gida a sauya mata ƙasa: kashi 2 na rairayi mai tsakuwa, kashi 1 na ruɓaɓɓen taki, kashi 1 na farfasasshen gawayi. Tukunyar ƙasa irin ta Bubon, garin maginan tukwane kusa da Yamai, ta fi ta roba, wadda ke dafa saiwa a zafin Afrilu, amma sai an huda ƙasan tukunyar. A bar kaurin itacen a sama, kada a binne shi, kuma a yi kwana 5 zuwa 7 ba ruwa.

Tana son rana, aƙalla awa 6. A bazara sau 2 a mako ya isa, shi ma sai yatsa ya shiga santimita 3 ya ji ƙasa ta bushe. Da hunturu takan zubar da ganye. A nan mutane ke kashe ta, su ɗauka ƙishirwa ce su ƙara ruwa. Sau ɗaya a mako 2 ya wadatar. A Agusta a kai ta ƙarƙashin rumfa in ruwa ya yi yawa.

In gindin ya fara ruɓa, a tumɓuke ta, a yanke wurin da wuƙa mai tsabta har a kai farin jiki, a shafa toka, a bar ta a inuwa mako guda kafin a mayar. Abin da masu sayarwa ba su cika faɗa ba: ruwan jikinta dafi ne. A wanke hannu bayan yanka, a ɗora tukunyar inda yara da awaki ba sa kaiwa.