Canon 50mm na hannu daga Adum: lens ɗin ya burge ni, mai shagon ya ƙona min rai

Duk mai amfani da lens 18-55mm ɗin nan da ke zuwa tare da kyamara ya san inda yake gazawa. Da an kira magariba shi ke nan, sai filas, fuskokin mutane su fito fari fat kamar an firgita su. Ni kyamarar Canon 600D gare ni, ta tsufa amma ba ta taɓa ba ni kunya ba, kuma hoto ba sana'ata ba ce, sha'awa ce ta ranar Asabar da Lahadi. Abokai sun dame ni da zancen lens ɗin Canon 50mm f/1.8 STM, don haka a watan Disamba na shiga Adum, tsakiyar kasuwancin Kumasi, na ɗauko hom yus, wato na hannu, a wani shago da ba zan kama sunansa ba.  An rage min wani abu a kan na sabo, na tura kuɗin ta waya, wato MoMo, ba kwali, ba rasit.

Da farko albarka na yi ta sa wa mai shagon. Bikin 'yar yayata a unguwar Aboabo ne gwajin farko, da daddare, ƙarƙashin kanofi, ƙwan lantarki biyu kacal. Tsohon lens ɗina in ka ja shi zuwa 50 ƙofar haskensa ba ta wuce f/5.6, wannan kuwa a 1.8 yana shigar da haske kusan ninki 10 na wancan. Na kashe filas, na sa ISO, wato ƙarfin kama haske na kyamara, a 1600, na durƙusa gaban Goggo tana ɓare goro. Da na duba bayan kyamara sai da na ce Allahu akbar. Kowane layi na tsagar fuskarta ya fito, jan goron a leɓenta, zaren da ya fara warwarewa a bakin mayafinta, amma taron da ke bayanta duk ya narke ya zama launi kawai. Lallen amarya ma haka, don yana kama abu tun daga santimita 35. Kafin gari ya waye hotunan sun cika sitatus ɗin 'yan uwa, har wata ƙanwar surukarmu tana tambaya nawa nake karɓa. Nauyinsa giram 160 ne, kana iya wuni da shi a wuya ba ka ji ba, kuma injin saitinsa ba ya ƙara sosai. A daren na ga kamar ƙwan lantarkin suna yin wani farin hayaƙi a kewayensu, sai na ɗauka ado ne na lens mai faɗin ƙofa.

A Janairu muka tafi gandun namun daji na Mole da abokai, ta Techiman da Kintampo, muka haye gadar Buipe, muka karya a Fufulso zuwa Damongo. In don giwa za ka je, kar ka dogara da shi. Masu gadin dajin ba sa barin a matsa kusa, kuma daga kan tudun masauki giwayen da ke bakin tafki ƙanana suke fitowa. Wanda ya riƙe lens 55-250mm mai jawo nesa a cikinmu shi ya dawo da giwa, ni na dawo da birai da gadu. A masallacin Larabanga kuma matsalar ta juye: a kan 600D, 50 yana zama kamar 80, don ana ninka shi da 1.6, wato fili kaɗan yake ɗauka. Masallacin ba babba ba ne, amma sai da na ja da baya har bayana ya taɓa katangar gidan mutane kafin hasumiya da kukar da ke gefe suka shiga tare. Ban ga laifin lens a nan ba, haka aka ƙera shi. Mai son gini da kasuwa da lungu ya nemi 24mm f/2.8, siririn nan.

Abin da ya kawo ni rubutun nan a Larabanga ya faru. Mun isa da sassafe, rana tana fitowa, farar ƙasar bangon ta ɗauki haske, sandunan da ke jikin ginin suna jefa inuwa. Masallacin da mutanen garin ke cewa tun 1421 yake, ga shi a gabana, ga haske yadda ake so. Na ɗauka, na duba, hoton ya yi fari dishi-dishi, baƙin da ke ƙasan bango ya koma toka-toka. Na rage ƙofa zuwa f/8, na sake. Na goge gilashin gaba, na sake. Duk inda rana ta shigo ta gaba ko ta gefe, haka. Na ce to hazo ne, ai hunturu ake. Sai abokina da ke tsaye kafaɗa da kafaɗa da ni ya nuna min wanda ya ɗauka da waya, tas, har tsagar bango ana gani.

Da muka dawo Kumasi na kai wa wani dattijo a Asawase da ke ɗaukar hoto tun zamanin fim. Bai tambaye ni komai ba. Ya cire murfin gaba da na baya, ya kunna tocilan ɗin wayarsa ya haska ta baya, ya karkata shi kaɗan, ya miƙo min. A can ciki, ba a gilashin waje ba, wasu fararen zaruruwa ne sun bazu daga gefe suna nufar tsakiya kamar saƙar gizo-gizo. Ya ce, "Ɗana, fumfuna ce, kuma ba ta jiya ba ce. Wannan ya ga damina a cikin jaka, wataƙila ba ɗaya ba." Ya yi min bayani cewa danshi da duhu take so, in ta daɗe tana cin shafen da ke kan gilashin, ko an wanke sai ta bar tabo. A ɗaki ko a inuwa ba ka lura, sai haske ya bugo ta gaba ta watsa shi. Nan take hayaƙin ƙwan lantarkin daren biki ya faɗo min. Na kuma tuna ranar ciniki da na ce zan fita da shi bakin ƙofa in duba a rana, yaron shagon ya tare ni da cewa, "Yaya, ƙura za ta shiga, gwada shi a nan." Shago mai duhu, fitila shuɗiya ɗaya. Ashe sun san abin da suke ɓoyewa.

Na koma Adum da niyyar mu rabu lafiya. Na gaishe da maigidan, na nuna masa da tocila kamar yadda aka nuna min. Ko karɓa bai yi ba. Ya ce, "Malam, kayan hom yus ne, ka gani, ka so, ka biya." Na ce, "Alhaji, ai ba a bar ni na gani ba." Sai ya juya zancen, wai ni na kai shi daji ya sha raɓa. Na ce, "Alhaji, raɓa a Damongo a Janairu? Leɓena ma tsagewa ya yi don bushewa." Tun da na saye shi ko ɗigon ruwa bai sauka a kaina ba, a Kumasi ko a arewa. Ya yi kememe, ya ce a kawo rasit, alhali shi ne bai bayar ba. Na nuna masa saƙon MoMo mai sunansa da ranar, ya ce wannan shaidar kuɗi ce, ba shaidar lafiyar kaya ba. Yaron da ya hana ni fita yana tsaye yana danna waya, ko ɗago kai bai yi ba.

Abin da ya fi ci min rai shi ne alfarmar da Alhajin ya ce zai yi min saboda zumuncin zango. Ya jawo wani 50mm tsohon yayi, mai gindin roba, wanda aka daina yi bayan STM ya fito a 2015, ya ce in ajiye nawa in ciko kuɗi in ɗauka. In ciko! Na haska shi ma a gabansa, ƙura ce cike da shi. Mutum yana kiranka ɗan'uwa, carbi a hannu, kuna haɗuwa a masallacin Juma'a. Da wanda ban sani ba ne da abin bai dame ni haka ba. Na ɗauki kayana na fito.

Wani mai gyara ya buɗe shi ya wanke. Zaruruwan sun tafi, amma akwai ɗan tabo a gefe da ya ce ba zai fita ba. Hoton mutum a inuwa ko a ɗaki yana fitowa da kyau sosai, musamman daga f/2.8 zuwa f/4, sai dai in na fuskanci rana har yanzu baƙi ba ya yin baƙi sosai. Da na haɗa kuɗin saye da na wanki da na mota, abin da ya rage in kai kuɗin sabo a kwalinsa bai taka kara ya karya ba. Yanzu a robar abinci mai murfi yake kwana, tare da 'yan ƙunshin nan masu tsotse danshi da ake samu a kwalin takalmi, don ruwan Afrilu na tafe kuma kun san danshin Kumasi.

Shi lens ɗin zan sake saye, in ce ma kowa ya saya, amma ka kunna tocila ka haska ta baya kafin ka danna tura kuɗi, in an hana ka fita da shi rana ka ajiye musu abinsu. Hotunan Larabanga dai sun tafi, ba wanki da zai dawo da su, kuma hanyar ba kusa ba ce. Ga hular kare rana ta lens da mai shagon ya ce kyauta ce a cikin cinikin, in dawo jibi in karɓa. Duk lokacin da na kira, wai tana hanya daga Akra.