Tabarau na kwamfuta da na saya a kasuwar Birnin Kebbi

Aikina lissafin albashi ne a wani ofishi a nan Birnin Kebbi, kuma idan wata ya zo ƙarshe nakan shafe sa'o'i bakwai ko takwas ina duban allon kwamfuta. Kafin la'asar idanuna sun yi ja, suna yi mini yaji kamar an watsa musu rairayi, lambobin kuma sun koma dishi-dishi. Abin da ya kai ni wurin wani mai sayar da tabarau a babbar kasuwa ke nan, neman irin wanda ake cewa yana tare shuɗin hasken allo.

Mutumin ya iya ciniki, wannan ba zan hana shi ba. Ya ɗauko wata 'yar tocila da farin kati, ya haska katin, nan take wurin ya rine ya koma shunayya. Sai ya sa gilashin a tsakani ya sake haskawa, katin bai sauya ko kaɗan ba. Ya ce, "Alhaji, ai ka gani da idonka." Ni da ba na sayen ko albasa ban taya ba, sai ga shi na biya yadda ya faɗa.

Na yi mako uku ina sanye da shi a tsakiyar hunturu, yajin yana nan daram. Da na je wurin likitan ido na ba shi labarin tocilar, sai ya yi murmushi ya ce gwajin ya nuna gilashin yana tare wannan hasken, amma bai nuna cewa hasken ne yake damuna ba. Ya bayyana mini cewa mutum yakan ƙifta ido kamar sau 15 a minti, amma idan ya ƙura wa allo ido sai ƙiftawar ta ragu ƙwarai, ido ya bushe, ga fanka a kaina, ga ƙurar hunturu. Ya ƙara da cewa binciken da Cochrane, wata ƙungiya mai tattara sakamakon binciken lafiya, ta yi a 2023 bai sami hujjar cewa irin wannan tabarau yana rage gajiyar ido ba. Awon da ya yi mini ya nuna cewa a shekaruna 43 gilashin karatu nake bukata. Ya rubuta mini maganin ɗigawa, ya ce duk bayan minti 20 in dubi abin da ke nesa da ni kimanin mita 6 na tsawon daƙiƙa 20.

A gaskiya firam ɗin ba shi da laifi, ba nauyi, ba ya matse hanci, kuma a cikinsa aka sa mini gilashin da likita ya rubuta, saboda haka ban yi asara duka ba. Sai dai har yanzu raina yana ɓaci idan na tuna ranar da na koma na yi wa mai shagon ƙorafi, lokacin rufin gilashin ya ma fara ɓarewa daga gefe. Ya ce idona ne bai saba ba, sannan ya jawo wani mai tsada, ya sake ɗauko tocilar nan da katinsa.