Firam ɗin suna da na sa aka yi wa jaririyarmu

Da ƙanwata ta haihu, na rasa abin da zan kai ranar suna. Kayan jarirai sun cika ɗaki tun kwana uku da haihuwa. Wata maƙwabciyata ce ta nuna mini wani ɗan shago a cikin birnin Kano inda ake rubuta suna da ma'anarsa a saka a firam mai gilashi.

Aikin hannun mai shagon ba a magana. Da alƙalami yake rubuta Larabcin, baƙi ya zauna daram, katakon ma ba irin mai ɓarewa ba ne. Sunan yanka A'ishatu ne, ya rubuta "mai rai" a ƙasa, har ya tuna mini cewa mu nan Indo muke ce wa A'isha, kamar yadda Fatima ke zama Binta, Abubakar ya zama Garba, Usman kuma Shehu saboda Shehu Ɗan Fodiyo.

Inda muka samu saɓani shi ne suna na biyu. Yarinyar sunan kakarmu ta ci, kuma kakar nan duk garinmu da Kande aka san ta, don maza uku aka haifa kafin ita. Na ce a sa Kande. Yaron shagon, wanda ke buga rubutun boko a kwamfuta, ya latsa waya ya ɗago ya ce, "Hajiya, wannan ba shi da ma'ana, ko a bar shi?" Raina ya ɓaci. Na ce masa Kande mace ce da ta biyo bayan maza, Tanko namiji bayan mata, Gambo mai bin tagwaye, Cindo mai yatsa shida. Na tambaye shi sunan mahaifinsa, ya ce Ɗanladi. Na ce to wace rana aka haife shi? Ya yi dariya ya sunkuyar da kai. Maigidan nasa dai ya ce, "Rubuta abin da Hajiya ta faɗa."

Bayan kwana biyu na je karɓa, sai na ga sunan uban jaririyar, Ɗan'asabe, ya fito Danasabe, babu ƙugiya. Wai kwamfutarsu ba ta da harafin. Sun sake bugawa ba tare da ƙarin ko sisi ba, amma da biro aka lanƙwasa kan D ɗin, in ka matso kusa za ka gani.

Kuɗinsu da sauƙi, kuma ba su saɓa alkawarin rana ba. Wanda sunansa na Larabci ne ya je hankali kwance. Mai sunan gida irin su Talatu, Ajuji ko Shekarau, ya tambayi tsofaffin gidansu, ya rubuto ma'anar a takarda kafin ya fito. Ƙanwata ta rataye firam ɗin a saman gado, ita Ummi take kiran yarinyar, don ba ta iya faɗin sunan kaka.