Gasar Dogayen Benaye ta eVolo: Me Mai Biyan Kuɗin Rajista Yake Saya?

Ɗan yayana, wanda yake karatun zanen gine-gine a wata jami'a, ya same ni a ƙarshen hutun da ya wuce da kwamfutarsa a hammata, ya gaishe ni, sannan ya ce, "Baffa, ina so in shiga gasar eVolo, amma kuɗin rajistar ya fi ƙarfina, shi ne na ce ko za ka duba mini ka ga ko abin ya kai a kashe masa kuɗi." Na daɗe ina leƙa sakamakon wannan gasa duk shekara don sha'awa kawai, amma ban taɓa zama na auna ta a matsayin hajar da ake biyan kuɗi a karɓa ba sai da wannan tambaya ta zo, musamman da yake na fahimci daga aljihun wa ake sa ran kuɗin zai fito.

Mujallar eVolo ta Amurka, wadda ta karkata ga gine-ginen zamani da fasahar kwamfuta, ita ce ta fara shirya gasar a shekarar 2006, kuma abu ɗaya take nema a wurin masu shiga: su sake tunanin abin da ake kira dogon bene. Ba ta ƙayyade fili ko tsayi ba, ba ta kuma faɗi amfanin da za a yi da ginin ba, kuma ƙofarta a buɗe take ga ƙwararru da ɗalibai da injiniyoyi da masu zane daga kowace ƙasa, mutum ɗaya ko ƙungiya. A shekarun da na bibiya, wanda ya yi rajista da wuri yana biyan dala 95, wanda ya makara kuma dala 135, sannan na ɗaya yana karɓar dala 5,000, na biyu 2,000, na uku 1,000. Abin da ake miƙawa alluna biyu ne na hoto, kowanne inci 24 a tsaye da 48 a kwance, tare da bayani da Turanci wanda bai wuce kalma 600 ba. Ba a rubuta suna a jikin allo, sai lambar rajista kaɗai, domin alƙalan gasar su yi hukunci ba tare da sanin mai aikin ko ƙasarsa ba, kuma wannan tsari yana cikin abubuwan da suka fi kwanta mini a rai game da ita.

Kafin a zo batun biyan kuɗi, akwai ɓangaren da yake kyauta, wato taskar ayyukan da suka yi nasara da waɗanda aka yaba wa, wadda take shafin mujallar na intanet shekara bayan shekara. A ganina wannan taska baje koli ce mai zaman kanta, kuma ita ce mafi daraja a duk abin da eVolo take bayarwa. Wanda ya zauna ya bi ta daga farko zai ga yadda damuwar duniya take sauya kamannin benaye. A 2010 wasu ɗalibai daga Maleshiya suka zo na ɗaya da gidan yari da aka ɗaga sama da birni, inda fursunoni za su yi noma da sana'a. A 2012 nasara ta tafi ga hasumiyoyin da za su tara ruwa a tsaunukan Himalaya lokacin damina, su daskarar da shi, a ajiye don ranar buƙata. A 2018 wasu 'yan ƙasar Folan suka ci da Skyshelter.zip, benen da ake naɗewa, jirgi mai saukar ungulu ya kai shi inda bala'i ya auku, sannan balan-balan mai iskar hiliyom ya miƙar da shi tsaye. Da annobar korona ta bazu a duniya a 2020, asibitin gaggawa mai hawa-hawa da wata tawaga daga ƙasar Sin ta zana shi ne ya zo na ɗaya.

Aikin da na fi daɗewa a kansa shi ne Mashambas, wanda Paweł Lipiński da Mateusz Frankowski, su ma daga Folan, suka ci gasar 2017 da shi a cikin ayyuka 444, domin manoman Afirka kudu da Sahara aka zana shi, wato mutane irin waɗanda muka tashi a cikinsu. Sunan ya fito ne daga kalmar gona a harshen Swahili. Tunanin shi ne a kafa hasumiya da ɓangarori masu harhaɗuwa a tsakiyar karkara, a yi kasuwa a ƙasanta, a sama kuma a yi gonaki da azuzuwan koyar da noma da wurin ajiye iri da taki, jirage marasa matuƙi suna kai amfanin gona inda ake buƙata, idan manoman yankin sun tsaya da ƙafarsu sai a kwance ginin a kai shi gaba. Hoton yana da kyau ƙwarai, kuma niyyar masu shi ba abin zargi ba ce. Sai dai duk wanda ya taɓa zuwa ƙauye da damina zai tsaya ya yi tambaya. Manomin da yake da fili shimfiɗe har iya ganin ido, wanda abin da ya dame shi shi ne taki ya iso kafin lokacin sa shi ya wuce, da hanyar da mota za ta bi ta kwashe masa hatsi ba tare da ta maƙale a laka ba, me zai kai shi hawa bene don ya yi shuka? Wa zai ɗaga ruwan ban-ruwa zuwa can sama, kuma da wace wutar? Babu inda gasar ta tilasta wa mai shiga ya amsa irin waɗannan tambayoyi, domin ba ta neman lissafin kuɗin gini, ba ta neman shaidar injiniya cewa ginin zai tsaya, kuma ba a shirya ta da nufin a gina abin da ya yi nasara ba.

Nan ne babban rauninta yake. Tun da alluna biyu ne kawai a gaban alƙali, kuma ɗaruruwan ayyuka suna jiran ya duba su, hoton da ya fi ɗaukar ido shi ne yake da rinjaye, don haka salo ɗaya ya mamaye taskar: hazo a gindin gini, hasken almuru, tsuntsaye a sama, da wani mutum ƙarami tsaye ya ba mu baya yana kallon abin mamaki. Aikin da ya ci a 2016, New York Horizon na Yitan Sun da Jianshi Wu, ya ba da shawarar a haƙe Central Park, lambun da ya kai hekta 341 a tsakiyar New York, har a tarar da dutse, sannan a kewaye ramin da gini mai bangon gilashi da zai riƙa nuna hoton tsaunukan da aka tono. Ya yi suna a kafofin labarai, ya kuma sha suka, kuma ina ganin duka biyun ya cancanta.

Duk da haka ba zan bi sahun masu cewa zanen da ba za a gina ba ɓata lokaci ne ba, domin tarihin wannan sana'a ya ƙaryata su. A 1921 mai zanen gine-gine ɗan Jamus Mies van der Rohe ya shiga wata gasa a Berlin da zanen dogon bene mai bangon gilashi zalla, bai ci ba kuma ba a gina shi ba, amma wannan zane na kan takarda ya riga benayen gilashin da suka cika biranen duniya da shekaru masu yawa, har shi kansa ya zo ya gina benen Seagram a New York a 1958. A gasar zanen benen hedkwatar jaridar Chicago Tribune ta 1922 ma, zanen Eliel Saarinen da ya zo na biyu ya fi wanda aka gina tasiri a kan masu zanen da suka biyo baya. Gasa irin ta eVolo tana ba matashi filin da malami ko mai ba da kwangila ba zai ba shi ba.

Aikin da na nuna wa ɗan yayana don ya yi koyi da shi shi ne wanda ya ci a 2014, Vernacular Versatility na Yong Ju Lee. Ya ɗauki tsarin katakon gidajen gargajiya na Koriya, waɗanda ake kira hanok, inda itace yake shiga cikin itace ba tare da ƙusa ba, ya yi amfani da manhaja ya faɗaɗa wannan tsari mai hawa ɗaya zuwa gini mai hawa da yawa. Ƙarfin aikin ya fito ne daga sanin da mai shi ya yi wa abin da ya gada. Ɗalibin da ya tashi yana ganin azara da tubali, wanda ya taɓa ɗaga kai a cikin tsohon Masallacin Juma'a na Zariya da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a shekarun 1830, ya ga yadda ake jera azara hawa-hawa, kowace tana ɗan zarce ta ƙasanta, a ɗaure a lulluɓe da ƙasa har bakan gizo ya haɗe a sama, yana riƙe da ilimin da mai zane daga Turai ba zai tsinta a intanet cikin mako biyu ba. Wannan tsari kuwa lissafi ne tsantsa, na tsawon itace da kusurwa da maimaitawa, irin abin da manhajar Grasshopper, wadda take aiki a cikin manhajar zane ta Rhino, aka yi ta dominsa.

Na zauna kusa da ɗan yayana na ga yadda abin yake. A gefe ɗaya na fuskar kwamfutar akwai ƙananan akwatuna da aka sada da layuka kamar wayoyin lantarki, a ɗaya gefen kuma siffar ginin. Ya ja wani ɗan ma'auni daga 12 zuwa 20, nan take bakunan suka ƙaru, hasumiyar ta ɗan murɗe, fankar kwamfutar ta fara kuka kamar za ta tashi sama. Da ya sa ta fitar da cikakken hoto mai haske da inuwa, sai da ta kwashe fiye da awa ɗaya, kuma saura kaɗan ta gama aka ɗauke wuta, batirin da ya tsufa bai riƙe minti goma ba. Wannan shi ne kuɗin da ba a rubuta a takardar rajista ba: kwamfuta mai ƙarfi, lasisin manhaja, man janareta, data, da wanda zai gyara Turancin kalma 600 ɗin. Manhajar Blender kyauta ce kuma tana rage wani nauyin, amma ba ta kawo wuta. Ga kuma manhajojin ƙirƙirar hoto irin su Midjourney da suka bazu tun 2022, waɗanda suke fitar da hazo da hasken almuru cikin daƙiƙu, abin da ya rage darajar kyan hoto shi kaɗai, ya kuma ƙara wa zanen da ke nuna yadda ginin yake aiki daga ciki muhimmanci.

Hukuncina shi ne taskar ta cancanci lokacin kowane ɗalibi, kuma ba ta cin ko sisi bayan kuɗin data. Rajistar kuwa ta dace da wanda ya riga ya sami tunanin da yake nasa, yana da abokan aiki biyu ko uku da za su raba kuɗin da wahalar, kuma ya san cewa a cikin ɗaruruwan masu shiga uku ne kacal suke karɓar kuɗi, wasu 'yan kaɗan a ambace su da yabo, sauran kuma abin da za su tsira da shi shi ne alluna biyu da za su sa a kundin ayyukansu lokacin neman aiki ko gurbin ƙaro karatu. Wanda yake kallon dala 5,000 ɗin a matsayin jari gara ya riƙe kuɗinsa.

Na gaya wa ɗan yayana cewa zan biya rabin kuɗin idan ya samo abokan da za su cika sauran, da sharaɗin ya fara zuwa wurin wani tsohon magini a unguwarmu ya auno azara da hannunsa, ya ji daga bakinsa iya tazarar da take ɗauka kafin ta lanƙwashe. Ya tafi ranar Asabar da tef ɗin awo da littafin rubutu, ya dawo bayan la'asar da jar ƙasa a gwiwar wandonsa, ya ce tsohon ya dube shi ya tambaye shi ko ita kwamfutar ta san banbancin giginyar da gara ke ci da wadda ba ta ci.