Ƙaramar rautar da na saya don Switch ɗina ta shiga waifan makaranta

Duk mai Nintendo Switch da ke zaune a hostal ya san wannan ciwon kan. Waya tana shiga waifan makaranta, laftof tana shiga, amma na'urar wasa ko ta ga sunan netwok ɗin ba ta iya kama shi. Waifan jami'armu a nan Abuja irin wanda kowa ke shiga da lambarsa ta ɗalibi da kalmar sirrinsa ne, masu harkar suna ce masa WPA2-Enterprise. Ita kuwa Switch, tun fitowarta a 2017, kalmar sirri guda ta sani irin ta waifan gida, babu ma gurbin rubuta suna. Tawa Lite ce, wadda ta fito a 2019, ɗakinmu kuma ba shi da ramin kebul a bango. Hotsifot na waya na riƙa kunna mata, wasa ɗaya in ya tashi sabunta kansa sai ya lashe datar da na ware wa wata guda.

Na leƙa ofishin masu kula da intanet na makaranta da lambar MAC ɗin na'urar, wato lambar shaidarta a netwok, a takarda, ko za su yi mata rajista. Mutumin ya dubi takardar, ya dube ni, ya ce, "Samari, karatu aka turo ka ko wasa?" Na ce, "Yallaɓai, duka biyun ne." Aka yi dariya, na fito hannu rabbana.

Shi ne na sayi 'yar rautar nan ta matafiya a wani shago a Wuse 2. Tana shiga aljihun riga, da kebul ɗin caja take aiki, ko fawabank ya ishe ta. Aikinta shi ne ta shiga waifan makaranta da sunanka da kalmar sirrinka, sannan ta fitar da nata waifan mai kalmar sirri guda, wanda Switch ke ganewa. Saita ta bai ba ni wahala ba: na haɗa laftof da ita, na buɗe shafinta, na zaɓi netwok ɗin makaranta, na zaɓi PEAP, wato hanyar shiga da suna da kalmar sirri, na rubuta lambata. Wallahi da na ga Switch ta nuna ta haɗu, sai da na yi ihun da ya tashi abokin ɗakina daga barci. A daren na jera wasannin da suka daɗe suna jiran sabuntawa, da asuba duk sun sauka, ban taɓa datata ba. Wani daɗin kuma, makaranta tana ƙayyade yawan na'urorin da ɗalibi zai haɗa, ita kuwa rauta abu ɗaya ake lissafa ta, sai na zuba waya da laftof duk a bayanta. A wancan makon ko wa ya tambaye ni tauraro biyar zan ba ta.

Sai daren wata Juma'a. Mun yi alƙawari da ɗan baffana da ke Kaduna da wasu abokan sakandare za mu kara a wasan tseren motoci na Mario Kart 8 Deluxe. An kwana biyu ana cika baki a guruf, ni ne ma kan gaba. Na biya kuɗin Nintendo Switch Online, don tun 2018 sai da shi ake yin irin wannan wasan da mutane ta intanet, kuma kowa ya san yadda biyan dala yake a yanzu. Ɗan baffana ya buɗe ɗakin wasa, kowa ya shiga, ni kuwa sai abin ya yi ta juyawa, can ya watso ni waje da lambar kuskure 2618-0516. Na kashe na kunna. Na cire rautar na mayar. Na ɗauke ta zuwa bakin taga inda sabis ya fi ƙarfi, na tsaya a kan kujera riƙe da fawabank, sauro na cizon ƙafata. Ɗan baffan nawa ya kira ya ce, "Yaya, in tsoro kake ji ka faɗa, ba sai ka ɗora wa netwok ba." Suka yi tseren su har ƙarfe ɗaya, ni hotunan sakamako kawai nake gani.

Da na yi gwajin haɗi a cikin saitin na'urar, sai ga shi ta rubuta NAT: D, wato harafin da ke nuna yadda netwok ke barin na'urarka ta haɗu da na wasu. Matakan daga A suke zuwa D, sai F wanda shi babu wasa sam. Mai D da mai A kaɗai yake iya haɗuwa. Mario Kart kuwa na'urorin 'yan wasa ne ke magana da junansu kai tsaye, netwok ɗin makaranta kuma kamar maigadin hostal yake, zai bar ka ka fita, amma baƙo daga waje ba ya shigowa. Rautar ma ta ƙara nata shingen a kan na makaranta. Gyaran yana can a babbar na'urarsu, sai sun buɗe ƙofofin UDP da saƙon wasan ke bi, ka ga kuwa mutumin da ya tambaye ni karatu ko wasa ba zai buɗe min ba.

Abin da ya ƙona min rai shi ne na tambayi mai shagon ƙarara kafin in biya, ya ce, "Maigida, komai za ta yi, har wasa da mutanen Amurka." Da na koma sai labari ya canza, wai in ɗora mata VPN. Gaskiya tana ɗaukar wani irin VPN da ake kira WireGuard, amma wannan wani kuɗin dala ne duk wata, saƙonka sai ya je Turai ya dawo kafin motarka ta juya kwana, ga shi a takardar da muka sa wa hannu an hana zagaye shingen makaranta. Maganar mayar da kaya kuwa, ya ce an riga an yage kwali.

Tun da na fara ƙorafi bari in ƙarasa. Tana zafi sosai in ta kwana a kunne, da rana kuma lokacin da kowa ke kan waifai saukar da wasa tafiyar hawainiya yake. Sannan 'yan ɗaki za su dame ka da roƙon kalmar sirri, alhali duk abin da suka buɗe da sunanka yake fita a wajen makaranta. Na ba mutum ɗaya, na ga ya fara sauke fina-finai, na canza.

Tauraro uku nake ba ta yanzu. In saukar da wasanni da sabunta su ne damuwarka, saye ta, za ta mayar maka da kuɗinta a datar da ba ka saya ba. Ka dai tabbatar tana karɓar shiga da suna da kalmar sirri, don ba kowace rauta ke yi ba, ka sa mai shago ya nuna maka gurbin a shafinta kafin ka biya. In kuwa tsere da abokai kake so, ka fara duba harafin NAT na makarantarku. Ni dai ranar Asabar gidan yayana nake tafiya a Kubwa, can B take nunawa.