Mi Vida Dentro: fim ɗin da ya sa aka san Rosa Jimenez

Masu tambayata dokumentari mai kyau da za su kalla, to ga ɗaya, amma tun yanzu in faɗa muku ba fim ɗin nishaɗi ba ne, in kana neman abin da za ka kalla kana dariya ka wuce kawai. Sunansa Mi Vida Dentro, wata 'yar Meziko ce Lucía Gajá ta shirya shi, ya fito a 2007 kuma a shekarar ya ci kyautar dokumentari a bikin finafinai na Morelia da ke Meziko.

Labarin Rosa Jimenez ne. Yarinya ce daga Ecatepec kusa da babban birnin Meziko, ta tsallaka Amurka a 1999 tana shekara 17 ba takarda ba komai, ta zauna a Austin ta jihar Texas tana raino. A Janairun 2003 wani yaro ɗan wata 21 da take raino ya shaƙe, aka ciro dunƙulen tishu daga maƙogwaronsa, ƙwaƙwalwarsa ta taɓu saboda rashin iska, bayan wata 3 ya rasu. Hukuma ta ce ita ta cusa masa. Ita kuma ta ce hatsari ne, har ta ɗauke shi da gudu zuwa maƙwabta neman taimako. A 2005 kotu ta yanke mata shekara 99. Lokacin da aka kama ta tana da 'yar shekara 1 ga kuma ciki, a tsare ta haifi ɗan.

Abin da ya burge ni shi ne matar nan Gajá ba ta zo da surutu ba, babu wani mai sharhi da zai yi ta cika maka kunne wai ka tausaya mata, kyamara kawai ta kafa ta bar ka da idonka. Akwai bidiyon tambayoyin da 'yan sanda suka yi mata, awanni ana juya ta, Turanci bai ishe ta ba, Sifaniyancin ɗan sandan ma da ƙyar, ita kuma hankalinta duk yana kan 'yarta. Wallahi a nan ne za ka daina ganin "baƙuwar haure" da jarida ke rubutawa, ka fara ganin yarinya 'yar shekara 20 da ta rikice ba ta ma san me ake ƙulla mata ba. Sai kuma cikin kotu, inda lauyar gwamnati ta tambayi wani shaida wai ai duk da cewa daga Meziko take tana da wayo sosai ko? Haka fa, a gaban alƙali. Sai da na mayar da wurin baya na sake ji. Da a rubuce na gani sai in ce an ƙara gishiri, amma ga shi nan da bakinta. Duk wanda ke da 'yar uwa da ke aikatau a Saudiyya ba iƙama ya san irin wannan kallon da ake wa mutum tun kafin ya buɗe baki.

Inda nake da ƙorafi, zaman kotun ya yi tsawo, fim ɗin ya kai kusan awa 2 kuma akwai inda za ka ji kamar ka tura gaba, musamman bayanan likitoci. Sannan rabi Sifaniyanci ne rabi Turanci, dole sai ka bi fassarar da ke ƙasan allo, a ƙaramar waya abin da wahala. Iyayen yaron da ya rasu ma ni a ganina ba su samu fili yadda ya kamata ba, su ma fa an yi musu rashi.

Kuma fim ɗin ya tsaya ne Rosa tana gidan yari, don haka sauran labarin sai ka nema da kanka. Innocence Project, ƙungiyar lauyoyi masu fafutukar wanke waɗanda aka ɗaure bisa kuskure, sun karɓi shari'ar, manyan likitocin maƙogwaron yara suka ba da shaida cewa yaro zai iya haɗiye tishun da kansa, kuma da wuya mutum ɗaya ya iya danna masa shi da ƙarfi ba tare da an ga rauni ba. A Janairun 2021 alƙaliya Karen Sage ta ba da umarnin a sake ta bayan kusan shekara 18, ta fito da ciwon ƙoda, yaranta sun girma a hannun wasu, sai a 2023 aka wanke ta gaba ɗaya.

Ni dai na ba shi 8 cikin 10. In za ka kalla ka samu babban allo da data isasshiya, kuma kar ka kunna shi da yara a kusa.